Safar Ulu a Hanyar Bonkuku

Zamanin soja ne, shekarar da damina ta yi gardama a arewacin Filinge, muka shirya tattakin kwanaki zuwa Bonkuku, muna bin ƙauyuka muna karɓar gudummawar hatsi. Ni tela ne, ban taɓa wuce kasuwa da ƙafa ba, amma ni na tara mutane ina ba da shawara: a tashi da sanyin safiya, a sha hura, a shafa man kaɗe a ƙafa. Sannan na ɗaga safar ulu mai kaiwa gwiwa da na sayo a Yamai, na ce ga sirrin tafiya.

Kawu Idi, jagoranmu, ya dubi safar ya ce, "Ɗana, lokacin kaka ne fa." Na ce masa zamani ya canza.

Kashegari muka yanke ta cikin wata saura. Masu takalmin taya suka kakkaɓe ƙafa suka wuce. Ni kuwa duk karangiyar ƙasarmu ta Kurfai ta taru a safata, ta huda har fata. Na zauna cirewa, ta koma wando da yatsu. Kafin azahar ƙafafuna sun kumbura.

Dole aka sauke buhu guda daga amalanken da ke ɗauke da hatsin, aka ɗora ni a gurbinsa. Kawu Idi, da tsufansa, ya taya samari ɗaukar buhun a ka. Wannan ne har yau yake ci mini rai.

Yanzu jikokinsa ke kawo mini ɗinki. Daga bakin ƙofa suke sallama: "Baba Buhu yana ciki?"