Man Goge Baki A Katin Hoto

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tara wa kaina jama'a a kasuwar Adjamé, da ƙafata da bakina, ba tare da wani ya aike ni ba.

Lokacin ina aikin takardun fiton kaya a wani ofis kusa da tashar jiragen ruwa ta Treichville, ciwon wasan kwamfuta kuma ya kama ni sosai. Na sayi katin hoto na hannu (shi ne ke zana hotunan wasa a allo, mu dai "kat girafik" muke ce masa) a shagon Alhaji Isufu, mutumin Maraɗi da ya daɗe a Abidjan, aminin mahaifina. Katin lafiyarsa lau. Ni ne ba ni da lafiya, don na karanta a wani dandalin intanet cewa ana iya ƙara masa gudu fiye da yadda masu ƙera shi suka saita.

Sati biyu ina fama. In ƙara kaɗan, in kunna wasan tseren mota, in zuba ido. Da zarar ɗigo-ɗigon kore sun fito ko hoton ya ƙame, sai in rage. A ƙarshe na sami inda ya tsaya daram, awa uku ko tari bai yi ba. Abin da ban lura da shi ba, duk gwajin nan a ofis nake yi lokacin hutun rana, ƙarƙashin kilim, na'urar sanyaya ɗaki, mai sanyi kamar firji.

Ana haka sai Yaya Sani, wan yarinyar da zan aura, ya buɗe shagon intanet a Treichville, ya shirya gasar wasa ranar Asabar. Na ce masa, "Yaya, kada ka wahalar da kanka, kwamfutata zan kawo. Irinta babu a unguwar nan." (Allah ya raba mu da cika baki a gaban surukai.)

Shagon ya cika maƙil, fanka ɗaya tal, zufa na tsiyaya. Ba a yi minti goma ba motocin suka fara tsiro da ƙahoni kore da ruwan hoda, titi ya miƙe sama, allo ya yi baƙi ƙirin. Wani daga baya ya yi min jaje irin na Abidjan: "Yako, injiniya!" Yaya Sani kuwa kallona kawai ya yi.

Raina ya ɓaci, amma ba da kaina ba. Na cire katin, na faɗa motar haya, muka ƙetare gada ina huci. Ko gaisuwar kirki ban yi ba da na isa shagon Alhaji Isufu a Adjamé.

"Baba Alhaji, tsakani da Allah, ni za a sayar wa mataccen kaya? Ni?"

Murya na ɗaga, maƙwabta da masu wucewa suka kewaye mu. Alhaji ya dube ni a natse.

"Sannu da zuwa, ɗana. Ya babanka Malam, ya ƙafar tasa?" Sannan ya miƙa wa mai gyaransa katin. "Kone, duba mana."

Kone ya kwance fankar katin, ya tsaya. Ya kai hanci, ya sake kai wa. Ya miƙa wa Alhaji, shi ma ya shinshina.

To, a nan ne zan faɗi abin da na ɓoye muku. Kwana uku kafin gasar na cire fankar don in share ƙura, na goge man nan mai ruwan toka da ke janye zafi, ba ni kuma da wani. Wani marar tsoron Allah a dandalin ya rantse cewa man goge baki ma yana yi. Na shafa. Yanzu ga shi ya bushe kamar alli, yana ta ƙamshin na'ana'a.

"Ɗana," in ji Alhaji, "katin nan haƙora gare shi?"

Kasuwa ta ɗauka. Katin ya riƙa yawo daga hanci zuwa hanci, har mai sayar da gyaɗa sai da ta shinshina. Na buɗe baki in yi bayanin gudun da na ƙara, na ƙara tona kaina.

"Au, har bulala ka yi masa?" Alhaji ya girgiza kai. "Jaki na sayar maka, ka ce sai ya yi sukuwa, ka kuma hana shi ruwa."

Kone ya sa man gaske, ya mayar da gudun yadda yake, katin ya tashi garau. Kafin in isa gida labari ya riga ni wurin mahaifina, shi ya tasa ni gaba washegari na je na durƙusa na ba da haƙuri. Auren dai an ɗaura, amma har gobe dangin matata "likitan haƙori" suke kirana, kuma har gobe ina jin haushin mutumin dandalin nan.

Abin da na koya: abin da zai yi aiki a zafi, a zafi ake gwada shi. Kuma kafin ka je yi wa dattijo ihu a kasuwa, ka fara shinshina kayanka a gida.