Masani Ba Ya Haɗiya

Kowane gari da abin da yake taƙama da shi. Mu a Kofu muna da inabi, muna da duwatsu, muna kuma da hancin Hosaka Mitsunori. In shi aka tambaya, albarkacin na ukun ne ake zuwa kallon na farko da na biyu.

Aikinsa ja-gorar baƙi masu yawon rabin yini. Ya kwashe su daga tashar jirgi da safe, ya zaga da su gari a ƙaramar bas, a tsaya a wata gona a ɗanɗana giyar inabi, a mayar da su tasha kafin rana ta karkata. Wasu suna yin wannan aiki da 'yar tuta da murmushi. Shi kuwa yana yin sa da kwat mai ruwan toka da ɗan faifan azurfa irin na masu ɗanɗana giya rataye a wuya. Ya taɓa zuwa Faransa yana saurayi, ya yi 'yan kwanaki, rabinsu a kwance da ciwon ciki, amma har yau bai gama dawowa ba. A gabansa Sensei ake ce masa, kamar likita ko malamin jami'a, domin shi da kansa ya nemi hakan. A bayan idonsa kuwa Sarkin Hanci.

Abu ɗaya ne ya tsaya wa wannan babban mutum a rai: ɗamarar Jakadan Inabi. Jan ƙyalle ne da ƙungiyar manoma take rataya wa wanda ta zaɓa ya zama fuskar giyar garin, ya tsaya gaba a duk wani biki, a ɗauke shi hoto. Ya nema, ya sake nema, kullum sai a ce ana dubawa. Bana shugabar ƙungiyar, Amemiya Chizuko, wata dattijuwa mai gonar inabi wadda ba ta yawan magana, ta ce za ta shiga motarsa ranar Asabar ta ga aikinsa da idonta. Sensei ya kai kwat wurin guga, ya datse gashin hanci.

Ranar Asabar ya jera baƙinsa a bakin tasha, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana shinshina. Mai turare aka tura shi kujerar baya. Mai ƙamshin taba aka yi masa kallon da ya sa ya nemi gafara bai san laifinsa ba. Wata mata daga Osaka mai suna Tsujimoto, sanye da riga mai zanen damisa, ta zura hannu a jaka ta miƙo masa alewa.

"Ungo, Yaya. Ka ga leɓenka ya bushe tun ba a fara ba."

"Sensei ake ce mini. Kuma alewa, Madam, kisan kai ce ga harshe."

"To ba ni abata," in ji ta, ta ɓare ta jefa a baki.

Mota ta tashi, Sensei ya kama makirfo. An wuce tsohuwar ganuwa, ya ce ba laifi, sai dai ta Faransa ta fi ta sanin ya kamata. An wuce shagunan taliyarmu mai faɗi da miyar kabewa, ƙamshi ya shigo ta taga, ya sa aka rufe tagogi don kada hancinsa ya ji rauni. Can gajimare ya buɗe, dutsen Fuji ya leƙo da farin kansa, baƙi suka yi wajen taga da wayoyinsu. Sensei ya ɗaga wa direba hannu, wai ya ci gaba da tafiya.

"Dutse ne kawai, jama'a, ba inda za shi. Abin da zan gaya muku a kan ƙasa mai tsakuwa kuwa, in ya wuce ku yau ya wuce ku har abada."

Ya yi ta bayani a kan tsakuwa har aka fita gari. Lokaci-lokaci wani ya rusuna ya ce, "Mun ƙaru, Sensei." A wurinmu wannan na nufin don girman iyayenka ka yi shiru, amma shi yana karɓar ta kamar lambar yabo. Shugaba Amemiya tana kujerar gaba, hannaye a cinya.

A gona, tsoho Furuya mai wurin ya tarbe su yadda muke tarbar baƙo: ƙatuwar kwalba, kofunan shayi, da ɗan tsimin kokwamba a faranti. Haka kakanninmu suka sha giyarsu bayan aikin yini. Sensei ya rufe ido da tafin hannu kamar ya ga tsiraici. Ya buɗe wani akwati mai shimfiɗar karammiski, ya zaro kofin gilashi mai doguwar ƙafa, ya zuba, ya juya, ya tsoma hancin nan mai daraja har rabi.

"Ina jin takalmin fata da yayyafi ya taɓa. Ina jin tuffa mai nadama. Can ƙasa-ƙasa kuma, in kun natsu, akwai yammacin wata Laraba."

"Inabi ne, Mitsu-chan," in ji Furuya, wanda ya san shi tun yana yawo da majina. "Na wancan layin ne, kusa da rijiya."

Sensei ya yi kamar iska ce ta wuce. Ya kurɓa, ya kurkure baki da ƙara, ya tofar a bokitin da ya zo da shi, sannan ya ɗaga yatsa.

"Doka ta farko, kuma ta ƙarshe: masani ba ya haɗiya. Saniya ma ta iya haɗiya. Tun da na dawo daga Faransa, ko ɗigo bai wuce maƙogwarona ba, kuma ba zai wuce ba. Duk ranar da kuka ga na haɗiye, ku karɓe faifan nan daga wuyana."

Ya zagaya da bokiti. Baƙi masu kunya suka riƙa tofarwa suna kallon ƙasa. Furuya ya tsaya yana kallon gumin shekararsa na komawa bokiti baki bayan baki, kuma ni dai wannan abu duk lokacin da na tuna shi sai raina ya ɓaci.

A yi wa Sensei adalci, bai yi ƙarya ba, ko ɗigo bai wuce ba. Dalilin ne kawai ya manta bai faɗa ba. Yana cikin mutanenmu da jikinsu ba ya ɗaukar giya ko ta cikin cokali. A bikin auren ƙanwarsa, tun kafin tafiyarsa Faransa, ya yi kurɓi ɗaya, fuska ta yi jawur, ya rungume ƙafar surukin yana kuka, aka tsince shi a ƙarƙashin tebur. Duk tsofaffin unguwarsu sun san labarin, Shugaba Amemiya ma tana wurin.

Ana shirin komawa mota sai Shugaba ta yi maganarta ta farko.

"Sensei, yau manoma ke kai sabuwar giya wurin bauta na unguwa. Ga shi nan a kan hanya. Mu biya mana."

Ya rusuna har faifansa ya taɓa gwiwa. Ai ba a musu da mai riƙe da ɗamara.

An gama addu'o'i, mai hidimar wurin cikin fararen kaya ya fara zuba wa jama'a giyar da aka miƙa, kurɓi-kurɓi a ɗan faranti. Wannan ba ta ɗanɗano ba ce. Da hannu biyu ake karɓa, a shanye, a rusuna, ko yaro ya san haka. Sensei, wanda bai taɓa tsayawa na biyu a layi ba, ya kutsa gaba. Hannu ya yi abin da ya saba: ya juya, ya shinshina, ya kurɓa. Sai ya waiga neman bokiti.

Bokiti yana gona. A gabansa mai hidima ne yana jira. A ƙasa tsakuwa ce fara da aka share tun asuba. A damansa Shugaba Amemiya, a hagunsa baƙin da ya yi wa rantsuwa ɗazu. In ya tofar, ya tofar da ɗamara har abada, domin manoma ba za su yafe ba. In ya haɗiye, faifai ya tafi, kuma ba a san ƙafar wa zai runguma ba.

"To, masani," in ji Tsujimoto, tana tsotsar alewa, "yaya ke nan?"

Babban mutum ba ya rasa dabara. Sensei bai tofar ba, bai haɗiye ba. Ya kumbura kumatu, ya rusuna, ya taka zuwa mota da kurɓinsa a baki. Shugaba Amemiya ta bi shi ta zauna dab da shi, ta wajen taga.

Wannan ita ce tafiya mafi daɗi da aka taɓa yi a motar nan. Direba ya tsaya inda ake ganin Fuji sosai, kowa ya ɗauki hoto har ya gaji. Aka buɗe tagogi. Baƙi suka ji ƙarar almakashin masu yankan inabi, suka fara hira da juna, wani tsoho har da 'yar waƙa. In an yi tambaya, Sensei ya nuna da yatsa, ya gyaɗa kai, ya zaro ido, ya buɗe hannaye. Aka ga ashe mutum ne mai ban dariya, har aka yi masa tafi. Shugaba ta juyo tana duban kumatun nan biyu da suka yi tulu-tulu, ta daɗe tana dubawa.

A tasha, mijin Tsujimoto, wani ƙato mai hannu kamar faranti, ya zo godiya.

"Yaya, rabin ƙarshen nan ya yi! Haka za ka riƙa yi!"

Ya ɗaka masa duka a gadon baya irin na ƙauna. Aka ji ƙwat, kurɓi ya wuce. Launi ya taso daga wuyan kwat, ya hau kunnuwa, ya wuce ja ya shiga shuɗi-shuɗi. Kafin direba ya ja shi zuwa benci, Shugaba ta gyaɗa kai ta ce a hankali, "Har launin ma ya dace."

Mako na zagayowa aka kira shi ofishin ƙungiya. Ya zo da sabuwar kwat da jawabin godiya da ya haddace. Shugaba ta ce manoma sun amince baki ɗaya, ba wanda ya ja. Ta nuna masa kan tebur. Ga jar ɗamara nan kuwa, sai dai an ɗinke ta a jikin wata ƙatuwar rigar soso mai siffar curin 'ya'yan inabi, da manyan idanu da kumatu tulu-tulu, irin wadda kowane gari yake da ita, mutum ya shiga ciki yana yi wa baƙi rawa. Mai sa ta a da ciwon baya ya kwantar da shi.

"Sharaɗi biyu ne, Sensei. Na ciki ba ya magana, kuma ba a faɗin sunansa."

Ya zagaya rigar, ya duba gaba, ya duba ƙasa.

"Ina bakin?"

"Ba a yi mata ba."

"Jawabina fa?"

"Ka ɗaga hannu. Ranar nan mun ga ka iya."

Ya karɓa, domin ɗamara ɗamara ce. Yanzu duk Asabar yana tsaye a bakin tasha cikin soso, yana gumi, yana ɗaga hannu. Baƙi har layi suke yi don su ɗauki hoto da shi, abin da ba wanda ya taɓa nema lokacin da ake ganin fuskarsa.