Ƙahon da Ruwa Ya Cinye

Ba zan taɓa mantawa da ranar walimar ƙanwata a Warra ba, ko da ni na manta 'yan uwana suna nan da rai za su tuna mini.

Ni mutum ne mai ciwon tsofaffin waƙoƙi. Muna da wani zaure a waya, mu 'yan kaɗan, kowa ya tono abin da duniya ta manta sai ya tura. Wata rana na buɗe akwatin marigayi Baba na tarar da kaset ba rubutu a jikinsa. Na saka a tsohuwar rediyona, sai ga wata murya ta dattijo, mai kauri, tana jan waƙa a hankali. Ƙarƙashinta ganga na dukan ƙasa, can kuma wani abu kamar ƙaho yana rusa kuka. 

Nan take na yanke hukunci (ban tambayi kowa ba, ina ruwan masani da tambaya): waƙar masunta ce ta ƙauyukan da tafki ya shanye lokacin da aka datse kogi. Na ɗauka a waya na tura zaure. Aka yi ta jinjina mini. Wani malami har ya kira ni yana tambayar sunan ƙahon, na ce masa ai irinsa ya ƙare, da ƙauyen ruwa ya tafi da shi.

Ranar walima na karɓi lasifika na yi jawabi mai tsawo kan gadon kakanni. Don a ji abin daga tushe, na miƙa wa mai kayan sauti kaset ɗin kansa. Abin da ban sani ba shi ne, rediyona ce ta tsufa take jan kaset kamar mai ciwon ƙafa. Na'urarsa lafiyarta ƙalau.

Dattijon nan nawa ya koma mace, budurwar murya. Gangar ta koma turmi da taɓarya. Ƙahon da na ce ya ɓace daga duniya kuwa jariri ne yake tsala ihu.

Gwaggo, yayar Baba, ta fara tuntsirewa da dariya daga cikin mata. "Wanga ba ƙaho ba na, kai na! Kuka dai kamar an yanka akuya!"

Wuri ya kaure da dariya. Na so ƙasa ta tsage. Amma kafin in kai hannu in kashe, sai na ji abin da matar take faɗa. Sunana ne. Inna ce, tana daka tana rarrashi, tana kiran sunana tana maimaitawa, tana cewa in yi shiru ga ta nan.

Ni ne ɗan fari. Tun da na yi wayo Inna ba ta taɓa kama sunana ba, daga "kai" sai "wancan". Ko na yi tafiyar shekara na dawo, sai ta tambayi ƙannena ko na ci abinci. Na san al'ada ce, amma gaskiya a ƙasan raina abin ya daɗe yana yi mini ciwo.

Na waiwaya. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, kunyar da na jawo mata ta fi tawa. Na je na durƙusa gabanta in ba da haƙuri. Ba ta dube ni ba, ta dai ce wa Gwaggo, "Yaya, ashe ƙanenki laɓe ya yi ya ɗauka, Allah shi jiƙan shi. Ki ce ma wancan shi ba ni abina."

Na ba ta. Washegari na koma zaure na janye ƙahona, malamin nan har yau "Sarkin Ƙaho" yake kirana.

Yanzu duk kaset ɗin da na tsinta, kafin in tambayi tarihi sai na fara gwada rediyon maƙwabta. Wancan sautin mai jan ƙafa kuwa yana nan a wayata. Ina yawan saurarensa, tunda yanzu na san abin da dattijon yake faɗa.