Buzuzun Ruwan da Na Ce Ba Ya Tashi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na rantse wa aji guda cewa buzuzun ruwa ba ya tashi sama ba. Ban karanta a ko'ina ba, kawai na ji maganar ta yi daɗi a bakina.

Muna aji huɗu na sakandare a Samaru, Malama Saratu mai koya mana bayoloji ta ce kowa ya kawo wata halittar ruwa ya yi bayaninta. Wanda ya fi burge ta shi zai wakilci ajin a baje kolin kimiyya a Sabon Gari. Ni kam tuni na goge rigar tafiya a zuciyata. Na je wani kududdufi a Bomo, na shiga taɓo har gwiwa (a labarin da na ba abokaina, har wuya), na kamo buzuzu baƙi wuluk, na zuba shi a robar fenti.

Bayani ya fara tafiya sumul. Na nuna musu cikinsa mai ƙyalli kamar azurfa, na ce iska ce yake maƙalewa a jiki, idan ta ƙare ya taso da kai ya ɗebi sabuwa. Na ce ruɓaɓɓen ganye yake ci. Malama tana ta gyaɗa kai. Da ma a nan na tsaya.

Sai Rifkatu, wadda ta kawo talibambam a kwalba, ta ɗaga hannu, ta kira ni da sunan da ake tsokanata da shi a aji.

"Farfesa, idan kududdufin ya ƙafe da rani, ina yake zuwa?"

"Mutuwa yake yi," na ce. "Na rantse, wannan ko tsalle bai iya ba, balle tashi."

Don in rufe mata baki, na ɗora shi a tafin hannuna na ɗaga. Ya lafe kamar ya yarda. Can sai bayansa ya tsage biyu, fukafukai suka fito, ya yi ƙugi irin na acaɓa, ya faɗa cikin kwalar rigata.

Har yau ina musun cewa ni na kira Mama, amma shaidu sun yi yawa. Na tuɓe rigar a gaban allo, ga singiletina mai ɓula a ciki.

"Farfesa, sa rigarka," in ji Malama, tana danne dariya. "Da fiffiken nan yake neman sabon ruwa, shi ya sa kuke ganinsa a gindin fitila."

Tun ranar, idan iliminka ya ƙare na san ba a cike gurbin da rantsuwa. Buzuzun ya fice ta taga, Rifkatu kuma ta tafi Sabon Gari da talibambam ɗinta.