Baƙon Ƙofa ta Uku

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da na tona wa kaina asiri a gaban manoman rani na Goronyo, alhali babu wanda ya tambaye ni komai. Har yau in na tuna sai zufa ta karyo mini, ko da kuwa cikin ruwan dam nake tsaye.

Lokacin ba a daɗe da fara sakin ruwan madatsar zuwa gonaki ba, aka ɗauke ni aikin gadin ƙofar ruwa ta uku, can wajen hanyar Rimawa. Aikin ba shi da wuya. Akwai sitiyarin ƙarfe da ake murzawa ƙofa ta ɗaga, akwai kwaɗo da makulli, sai jadawalin da ke nuna layin gonakin da ke da ruwa kowace rana. An zaɓe ni ne don na gama firamare, ina iya karanta jadawalin. Amma ni Allah ya yi ni da shakka. In na kulle kwaɗo sai na ja shi sau uku, in yi 'yar tafiya, in dawo in sake ja. (Matata Hajo ta ce ko randa na rufe sai na koma na leƙa ko ta rufu.)

Laifi ɗaya na taɓa yi a wurin. Wata Laraba na bi ta gonar surukina, mahaifin Hajo, dattijon da ke jan salla in liman ba ya nan. Na tarar albasarsa ta kwanta, ganye duk ya yi laushi, ruwan layinsu kuwa sai Asabar. Bai roƙe ni ba. Yaya ma zai roƙe ni, mu da ko ido ba ma haɗawa, ko sunansa ban taɓa kamawa ba? Tsaye kawai yake yana kallon fangalin, ya yi ajiyar zuciya. Na koma na murza sitiyari, na karkata ruwan layi na biyu zuwa nasu kamar na awa guda, na mayar. Tun daga ranar ban sake cin tuwo da daɗi ba. Ko mota na ji ta rage gudu sai in ce ni aka zo wa: a kore ni daga aiki, a kuma lissafa dattijon cikin ɓarayin ruwa.

A wannan zamanin kuma garin duk ya haukace da wani wasan talabijin, Kunnen Ƙasa. Kowace Juma'a bayan la'asar ake fito da akwatin ƙofar gidan hakimi, a tada janareta, kowa ya shimfiɗa tabarmarsa. Labarin wani jami'in asiri ne, Sambo Inuwa, da ke shiga gari cikin kamannin mai gyaran takalma ko mai tallan goro. Ya zauna, ya saurara, ya rubuta a ɗan littafi, ƙarshen shiri sai ka ga mota ta zo ta kwashi masu laifi. Wanda ya daɗe yana fitowa a Sambo dogo ne siriri, in ya ɗaga gira ɗaya har masu kallo sai su gyara zama. Da ya dawo hajji ya ajiye wasa, aka kawo wani gajere mai jiki. Nan gardama ta kaure, a kasuwa, a gaban masallaci, har cikin kwalekwalen masunta. Ni ina cikin masu cewa sabon bai dace ba, kuma da ƙarfi nake faɗa. (Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, can baya nake zama, kusa da inda ake ɗaure jakai, don na ji an ce hasken talabijin na kashe ido. Daga nan baƙin tabarau da hula kawai nake hangowa cikin yayyafin akwatin. Fuskar mutumin ban taɓa ganinta da kyau ba.)

To, wata Litinin da safe ina share ciyawar da ta toshe bakin ƙofa, sai na ji sallama. Wani mutum ne da malfa da tsohuwar riga, fuska faɗi, sai murmushi.

"Malam, kai na mai ƙofar ga?"

"Ni na. Lafiya?"

"Lafiya lau. Oga Bello ya ce in zauna wurinka kwana biyu, in ga yadda aiki ka tafiya."

Oga Bello shi ne shugaban rabon ruwa, mai gidanmu a wurin aiki. Kuma ranar nan ya tafi Wurno, sai Alhamis zai dawo. Ka ji fa! Mutumin ya zaɓi lokacin da ba wanda zan tambaya.

Na ba shi dutse ya zauna, na ci gaba da aiki, amma idona na kansa. Rigar tsohuwa ce, malfar kuwa sabuwa fil, har tana warin kaba. Da muka gaisa na ji tafin hannunsa kamar na mai jego, ba kanta ko ɗaya. Ya nuna wani fangalin tafarnuwa ya ce albasar nan ta yi kyau. Wane manomi ne wannan? Ina cikin wannan tunani sai ya sa hannu aljihu ya zaro ɗan littafi da biro.

Wallahi irin littafin Sambo Inuwa ne sak.

Komai na yi sai ya rubuta. Na murza sitiyari, ya rubuta. Na ja kwaɗo sau uku, ya ce in sake, ya rubuta. Na goge hannu da gefen riga, nan ma ya rubuta. Can wajen azahar ya gyara zama, ya ce:

"Malam, in wani naka ya taho ya roƙe ka ruwa, ba ranarsa ba, mi kaka yi?"

Na ce, "Ni? Ni ba ni da kowa." (Ni da ke da dangi cike da unguwa biyu.)

Ya yi dariya, ya rubuta.

Da na koma gida Hajo ta ajiye kwano, na tasa shi gaba ina kallo.

"Malam, mi ya hana ka ci?"

"An aiko mini mutum."

"Wane irin mutum?"

"Irin Sambo Inuwa. Na gaske. Maganar ruwan Baba ta kai sama."

Ta riƙe haɓa, ta dube ni. "Gwamnati ta rasa aikin yi duk ƙasar ga, sai albasar Baba? Ci tuwonka, don Allah."

Ban ci ba. Ita ba ta ga littafin ba.

Washegari na ce bari in gwada shi. A wasan, in aka ambaci aikin asiri gaban mai laifi sai fuskarsa ta canza, na ce ai jami'i ma haka zai yi. Muna zaune muna cin rogo, na jefa masa:

"Baƙo, kana kallon Kunnen Ƙasa?"

Ya tsaya da tauna. (Na ce a raina, yauwa, na taɓa wurin.) Ya ce, "Ina ɗan taɓawa. Mi ka gani game da sabon Sambo?"

Ni kuwa, don in nuna masa ba ni tsoron jami'ai, na saki baki. Na ce wannan ai ɓarnar fim ce. Na ce mutum da tumbi haka, in ɓarawo ya ruga wa zai bi shi? Na ce fuskarsa ta mai sayar da fura ce, ba ta mai riƙe asirin ƙasa ba, kuma ko makaho ya ji tafiyarsa ya san ɗan wasa ne. Na ce da ni ke rabon aiki, direban motar ma ba ni ba shi.

Mutumin nan ya yi dariya har malfarsa ta faɗi. Ya ce, "Maimaita ta fura ɗin nan," ya rubuta ta kalma kalma. Sai kuma hankalina ya sake tashi: kada dai zagin wasan gidan talabijin ma laifi ne? Yanzu ga laifi biyu.

Laraba bai zo ba. Wannan ya fi komai tada mini hankali, don a wasan in Sambo ya ɓace, mota ce ke biyowa. Na wuni ina duban hanya. Na wanke rigata ta kirki, na gaya wa Hajo inda na ajiye takardar gona, ta ce in na ƙara magana irin wannan za ta kira mai ruƙiya.

Alhamis ita ce ranar taron manoma, inda ake karanta sabon jadawali ƙarƙashin bishiyar darbejiya gaban ofis. Na iso na tarar wuri ya cika. Surukina na sahun gaba da rawaninsa da carbi. Ga Oga Bello bisa kujera, ga kuma baƙona kusa da shi, ya sa babbar riga mai aiki, ba malfa, littafin nan bisa cinya. Mutane sai raɗa suke suna murmushi, wasu na miƙa wuya. Na ce shi ke nan, kowa ya ji, ni ake wa dariya.

Oga Bello ya miƙe. "Jama'a, kafin mu shiga jadawali, muna da babban baƙo daga Sakkwato. Kwana biyu ya yi a ƙofa ta uku, kuma shina da abin da zai faɗa game da mai gadinta."

Ban san lokacin da na tashi ba. Na tuna a wasan wanda ya amsa laifinsa da kansa ana yi masa sassauci. Na ɗaga hannu sama, na ce:

"Oga, kada shi wahala, ni zan faɗi! Ni na yi! Ran wata Laraba na karkata ruwan layi na biyu, awa guda, wallahi ba ta kai biyu ba. Ba a ba ni ko sisi ba!"

Oga Bello ya ce, "Kai, mi kaka faɗi haka? Zauna."

Ina! Bakin ya riga ya ɓalle. Wani manomin layi na biyu ya miƙe daga baya ya ce, "Gonar wa ka kai ruwan namu?"

Nan ne na yi abin da ya fi satar ruwan muni. Shekara tara ina auren Hajo ban taɓa kama sunan mahaifinta ba. Ranar nan, gaban kowa, na kira shi da cikakken sunansa, har da na ubansa, kamar mai kiran rajista a aji. (Ko yanzu ba zan rubuta shi ba.) Dattijon bai ɗago ba. Carbin ne kawai ya tsaya.

Baƙon ya dubi Oga, ya dube ni. Sai ya sa hannu cikin aljihu ya fito da baƙin tabarau ya ɗora a fuska. Taron ya ɗauka gaba ɗaya: "Sambo Inuwa! Sambo!" Ashe tun zuwansa kowa ya gane shi, shi ake wa raɗa da murmushi. Ni kaɗai, da na ci rogo da shi kwana biyu.

Ya ce, "Malam, ni ɗan wasa na. Shirin da za mu yi, Sambo zai shiga gari a matsayin mai gadin ƙofar ruwa, shi ya sa na taho in koyi aikin. Na roƙi Oga kada a faɗi ko ni wane ne. Tashi na yi nufin yi in ce ban taɓa ganin mai amana kamarka ba, mai jan kwaɗo sau uku." Ya buɗe littafin. "Amma ta mai sayar da fura, wagga kam zan kai wa darakta."

Dariyar da aka yi, na tabbata masunta sun ji ta cikin dam.

Da wuri ya lafa Oga Bello ya matso kusa da ni, ya yi ƙasa da murya. "Kai wawa na? Tun washegari munka sani. Gona ɗaya jiƙe tsakiyar busassu, wa ka ɓoye ma? Na yi shiru don girman tsoho. Yanzu ka faɗa gaban mutane, dole in yi hukunci."

Ya kuwa yi. Aka cire wa gonar surukina ruwan Asabar ɗaya aka ba layi na biyu. Ni aka karɓe makullin, aka mayar da ni yashe laka a magudana wata guda, sannan aka dawo mini da shi. Surukina bai ce mini komai ba, don ba ma magana. Saƙo ya aiko ta bakin Hajo: wai a gaya wa mijinta, in ya sake ganin albasa ta kwanta, don Allah ya bar ta ta mutu da mutuncinta. Sai da na yi Juma'a uku ina canza hanyar masallaci.

Game da gardamar kuwa, daga ranar na fita daga sahun masu cewa mutumin bai dace ba. Wanda ya zauna bisa dutse yana cin rogo, bai nemi laifin kowa ba, ya sa mai laifi ya kawo kansa har da surukinsa, ni ban san abin da ake nema ga jami'in asiri da ya wuce wannan ba.

Abin da na koya kaɗan ne, amma ina riƙe da shi. In aka ce wani na da magana a kanka, zauna ka bari ya fara. Ta yiwu yabo ya kawo.