Lambar Takin Malam Gado

"Lafiya lau, in ban da na kwana a gidan ɓarauniya," in ji Malam Gado, yana amsa gaisuwar jikarsa Raliya.

Kwanansa tara a Doha. Ya zo bikin kammala digirinta na biyu, aka sauke shi a gidanta da ke unguwar Al Aziziya, inda yake wuni cikin bargo saboda sanyin na'ura. Tsohon malamin gona ne, agogonsa ma ya ƙi juya shi daga lokacin gida. Jiya ɗansa Rufa'i ya kira ya ce ana rabon takin tallafi a ƙaramar hukumarsu, buhu biyu a rabin kuɗi, yau da azahar za a rufe. Ba a ba kowa sai ya nuna lambar da aka turo masa ta waya. Malam Gado kuwa ranar rajista cewa ya yi bai ga mai sa shi riƙe waya ba, aka rubuta layin Raliya, ta yo Doha da abinta.

"Me na sata, tsoho?"

"Takina. Tura wa Rufa'i lambar nan, masarata ta fara yin ɗorawa."

"Masararka? Gwamnati dai ni ta sani. Ga shi ta rubuto, 'Ya manomi mai daraja.' Kai ko gaisuwa ba ta aiko maka ba."

"Manomi! Ke da kika ga dawa kika tambaya yaushe rake ya fara kai? Da fartanya za ta shigo ɗakin nan, tashi za ki yi ki gaishe ta, ki tambayi sunanta."

"Duk da haka ni ce a takarda. Ka ce, 'Ranki ya daɗe, Sarkin Noma,' in tura, khalas, magana ta ƙare."

Malam Gado ya yaye bargon, ya miƙe zaune.

"Ni? Shekara talatin da huɗu ina raba taki. Da alƙalami, a littafi mai jan bango, kowa na san gonarsa har tururuwar da ke ciki. A lokacin roƙon mutane muke su karɓa, suna cewa zai ƙone musu ƙasa. Yau ni zan roƙi 'yar da na yi wa huɗuba a kunne? Gara masarar ta bushe, in ci kara!"

"Da waɗanne haƙoran?"

"Da guda huɗun da suka rage. Sun fi digirinki aiki."

"To shi ke nan. Zan sa a kawo mini buhunan nan Doha, in zuba wa fulawar baranda."

"Ki zuba. Ta yi tsawo ta kai sama, in ga mai aurenki da tuwon fulawa. Ni dai na fasa, na janye sadakina."

"Wane sadaki? Tsohon da ya ƙi waya, yanzu waya ta ƙi shi?"

Ya dubi agogo. Sha ɗaya da kwata a gida. Daga garinsu zuwa ma'ajiyar tafiyar awa guda ce a babur, in rafi bai kawo ba. Ya gyara hula.

"Ba zan faɗa ba," ya ce a hankali. "Ko a kabarina."

Raliya ta tuntsire da dariya, ta miƙa masa wayar. Hoton Rufa'i ne a ƙofar gida, ya dafa buhu biyu yana washe baki.

"Tun da na idar da sallar asuba na tura. So nake in ga iyakar taurin kanka."

Malam Gado ya sa tabarau, ya daɗe yana duban hoton.

"Kira mini sakaran nan! A ƙasa ya ajiye, ga hadari a bayansa!" Sai dariya ta ƙwace masa. "Ke kuma, kunya uku na bakin rafi na ba ki halak malak. Amma da hannunki za ki nome su, ina kan kujera ina kallo."