Gudun Sabi'u da Gaisuwar Suruki

Duk wanda ya san Sabi'u mai kemis na bakin kasuwar garinmu ya san ba mutumin gudu ba ne. Ni tela ne, shagona manne yake da nasa, saboda haka na san shi ciki da waje. Mutumin da ko liman ya kai ruku'u ba ya ɗaga ƙafa, sai ya iso sahu a sannu kamar ango. Ga tumbi masha Allah, duk Sallah sai na ƙara wa zariyar wandonsa tsawo. To wannan bawan Allah ne likita ya auna, ya ce jininsa ya hau, in yana son ganin auren 'ya'yansa ya riƙa motsa jiki. Da ya zo majalisa ya ba mu labari, sai muka yi ta yi masa tsiya. Wani ya ce ai Sabi'u ko kunama ta bi shi sai dai su yi sulhu. Abin ya yi masa zafi, ya miƙe ya dafa ƙirji ya ce wallahi sai ya shiga gudun famfalakin da za a yi a babban birnin jiha, kilomita arba'in da biyu, kuma sai ya gama shi da ƙafarsa. Muka ce mun ji, Allah ya kai mu. Wannan kuwa ana tsakiyar bazara, lokacin da ko ƙadangare ba ya yarda ya taka kwalta.

Washegari ya kawo mini yadi ya ce in ɗinka masa gajeren wando. Na ce, "Sabi'u, kai da iyalinka?" Ya ce in yi aikina kawai.

Ranar farko da hantsi ya fito, ya bi ta cikin kasuwa. Kai, ranar an ga tashin hankali! Mu dai a garinmu magidanci ba ya gudu haka kawai. Da mutane suka hango mai kemis guda, ba riga ba hula, yana zabga gudu yana haki, ba wanda ya tsaya tambaya. Mata suka suri yara, masu shago suka fara jan ƙofa, mai tsire ya bar wuta ya biyo shi da wuƙa a hannu yana cewa, "Ina suke? Ta ina suka shigo?" Kafin ya kai tasha, rabin kasuwa na gudu, wasu a bayansa, wasu ma sun wuce shi. Da ya tsaya ya dafa gwiwa, kowa ya tsaya. Aka ce lafiya? Ya ce motsa jiki yake yi. Wata tsohuwa mai sayar da koko ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Allah ya shirye ka, ɗan nan. Ka sa na zubar da kokona a banza."

Daga ranar ya sake dabara. Ya ce sai bayan azahar zai riƙa fita, lokacin da zafi ya kora kowa cikin ɗaki, ba mai ganinsa. Ya ce ma hakan ya fi, jiki ya saba da rana tun yanzu. Kuma ya bar hanyar kasuwa, ya koma titin bayan gari mai zuwa gada, wanda shi kaɗai ne doguwar kwalta da ba cunkoso.

Sai dai fa titin nan ta ƙofar gidan surukinsa ya bi.

Surukin nasa, Alhaji Ɗan'azumi, tsohon alƙali ne, dattijo mai kwarjini wanda ba a cika ganin haƙoransa ba. Ba ya barcin rana. Daga azahar har la'asar yana kan buzunsa a gindin darbejiyar ƙofar gida, da carbi da rediyo da ƙwaryar fura. Sabi'u kuwa tsoronsa yake ji kamar me. Tun da ya auri 'yarsa Uwani, ga shi har sun tara yara, ba ya taka gidan sai ranar Sallah, ya durƙusa daga nesa ya gaisa ya sulale, alhali tsakanin gidajen nasu ba wata tafiya ba ce. Kuma kowa ya san abin da Alhaji ya faɗa da labarin kasuwa ya iso masa ba tare da an gaya masa ko wane ne ba. Cewa ya yi magidancin da aka gani yana gudu a titi da cinya a waje, a bincika, ko ya ɗauki abin wani ko kansa ya taɓu.

Uwani da kanta ta gargaɗe shi. Ta ce, "Baban Hafsi, in Baba ya gan ka da wannan ɗan kamfan, ni dai ba ruwana. Kada ka ce ni matarka ce."

Ya ce, "Ba zai gan ni ba."

Sai ga shi ya sake zuwa shagona, wai in ɗinka masa babbar riga mara nauyi wadda za ta naɗu ta shiga 'yar jakar goyo. Ga yadda yake yi. Zai taso da gudu daga gida, in ya zo kwanar da ake hango darbejiya sai ya laɓe bayan wani kango, ya zaro babbar riga ya zura a kan gajeren wando, ya kafa hula, ya cire kambas ya tura a jaka. Sannan ya fito ba takalmi, don ba a isa gaban Alhaji da takalmi. Ku tuna da irin rairayin bazara da rana tsaka. Haka zai tako shi yana ɗingishi yana murmushin dole, ya zo ya durƙusa nesa da buzu, inda inuwa ba ta kai ba, don suruki ba ya kutsawa inuwar surukinsa.

"Barka da rana, Baba."

"A'a, Malam Sabi'u! Barka kadai. Ya gida? Ya yara? Ya kasuwa? Ya zafi?"

"Lokacinsa ne, Baba."

Gaisuwar Alhaji kuwa ba ta ƙarewa da wuri. Sai ya tambayi kowa da sunansa, ya tambayi mutanen ƙauyensu Sabi'u, ya gangaro kan farashin gero da labarin da ya ji a rediyo. Sabi'u na durƙushe, gumi na bin gemu, maƙogwaro ya bushe ƙamas. Can sai Alhaji ya jawo ƙwaryar fura, ƙanƙara na yawo a ciki, ya tura masa.

"Bismillah, jiƙa maƙoshi."

"Alhamdu lillahi, Baba, a ƙoshe nake."

To ya zai yi? Wa ya taɓa ganin mutum ya kafa kai a ƙwarya gaban surukinsa? Yana ji yana gani Alhaji zai ɗaga ludayi ya kurɓa, har ana jin wucewarta. Sabi'u ya rantse mini cewa duk wahalar gudun nan ba ta kai ƙarar ƙanƙarar nan a jikin ƙwarya ba. In an sallame shi sai ya tafi a natse har ya sha kwana, ya tuɓe riga, ya mayar da kambas a kan ƙafar da ta soyu, ya ci gaba. A dawowa kuma sai ya ratso ta gonaki, ƙaya na cin ƙaurinsa.

Alhaji kuwa daɗi ya kama shi. Ya riƙa gaya wa abokansa a masallaci cewa yaron nan Sabi'u ya yi hankali, kullum sai ya ratso rana ya zo gaishe shi, ko ruwa ba ya sha. Maganar ta dawo kunnen Sabi'u, ta ƙara ɗaure shi. Yanzu ko ranar da ba ya jin gudu dole ya je, kuma in asiri ya tonu ba gajeren wando kaɗai za a gani ba, har da cewa gaisuwar ma hanya ce ta biyo da ita.

Abin da ke riƙe da shi ɗaya ne, ranar gasa ta kusa, a yi a gama ya huta. Ana saura 'yan kwanaki sai aka yi sanarwa an ɗaga, wai zafi ya yi yawa. Ya shigo shagona kamar zai yi kuka. Ya daure ya ci gaba. Sabuwar ranar ta matso, aka sake ɗagawa. Ranar har jifa ya yi da hula. Ya ce, "Wallahi mutanen nan so suke su kashe ni a ƙofar gidan Baba." Tumbi dai ya tafi, gaskiya, har sai da na rage masa wanduna. Amma tafin ƙafarsa ya zama kamar ƙanzo.

Ranar da abin ya faru ina wurin, ba labari aka ba ni ba. Na kai wa Alhaji ɗinkinsa, ya ce in zauna rana ta yi sanyi. Rana ce irin wadda iska ma in ta kaɗa sai ka ji kamar an buɗe murhu. Sai ga mutumina ya ɓullo daga bayan kango, babbar riga ta manne a jiki sharkaf, hula a karkace. Ya gan ni, na gan shi, kowa ya kawar da kai. Ya durƙusa a inda ya saba.

Aka fara. Ya gida, ya yara. Alhaji ya shiga labarin wata shari'ar gona da ya yanke tun ba a haife mu ba. Na ga Sabi'u yana amsa "haka ne, Baba" a inda ba a tambaye shi ba. Aka turo ƙwarya.

"Bismillah."

"Alhamdu lillahi, Baba, a ƙo..."

Bai ƙarasa ba ya tafi luu, ya kife a rairayi.

Na yi salati na zabura. Alhaji ya ƙwala kira cikin gida a kawo ruwa. Muka ja shi inuwa, Alhaji na cewa, "Cire masa rigar nan, tela, cire ta ya sha iska!" Na tsaya ina inda-inda, don na san abin da ke ƙasa, ni na ɗinka shi. Ya daka mini tsawa. Na ce a raina, Sabi'u ka yafe ni, na yaye riga. Ga ɗan wando ja iya cinya, ga singileti, ga kambas sun faɗo daga jaka. Matan gida da suka kawo ruwa suka juya da sauri suna rufe baki.

Aka sheƙa masa ruwan randa, ya buɗe ido. Abin da ya fara gani gwiwoyinsa ne a waje, na biyu kuma fuskar Alhaji a kansa. Wallahi na ga mutum yana neman ya sake suma da gangan. Ya lalubi riga, Alhaji ya dafe ta da ƙafa, ya ɗora masa ƙwaryar fura a baki.

"Sha. Ba tayi nake maka ba, hukunci ne."

Sabi'u ya sha. Ya sha har sai da ya ga gindin ƙwarya, kunya ta tafi hutu. Da ya dawo hayyacinsa sai ya rakuɓe ya sunkuyar da kai.

"Baba, ku gafarce ni. Gudun famfalaki nake koyo. Ni ne na kasuwa ranar nan."

"Na sani."

"Kun sani?"

"Tun zuwanka na farko. Na yi shekaru ina kallon masu ƙarya a kotu, Malam Sabi'u. Wa ke zuwa gaisuwa yana haki, da igiyar kambas tana leƙowa daga jaka? Kuma Uwani ta gaya wa uwarta, uwar kuwa ba ta iya riƙe magana."

Sabi'u ya rufe gwiwoyinsa da tafin hannu. Ni kuwa na cusa hula a baki don kada dariya ta kuɓuce. Da ya ga dai Alhaji bai kore shi ba, bai kuma ce a kira masu duba taɓin kai ba, sai ya ɗan samu ƙarfin hali.

"To Baba, tunda kun sani, a taya ni da addu'a. Sau biyu ana ɗaga gasar nan. Ku roƙa mana Allah kada a sake ɗagawa, a yi ta a gama."

Alhaji ya jawo carbinsa, ya gyara zama a kan buzu, ya dube shi.

"A yi ta a gama, in koma ganinka daga Sallah sai Sallah? Kai wa kake zaton yake roƙo ana ɗaga ta?"